Larisa Popugayeva

Larisa Anatolyevna Popugayeva (an haife ta a ranar 3 ga Satumba, 1923, ta rasu a ranar 19 ga Satumba, 1977) masaniyar ilimin duwatsu da ma'adinai ce 'yar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Ita ce ta gano Zarnitsa a shekarar 1954, wato ma'adanar lu'ulu'u ta asali ta farko da aka samu a ƙasar, a yankin Yakutiya da ke arewa maso gabashin Saiberiya. Aikinta ya buɗe ƙofar haƙar lu'ulu'u a wannan yanki mai nisa da tsananin sanyi, amma sai bayan shekara 16 hukuma ta amince da ita a matsayin wadda ta gano wurin.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a garin Kaluga na ƙasar Rasha, kuma sunan gidansu Grintsevich. Mahaifinta, Anatoly Grintsevich, jami'in jam'iyyar Kwaminis ne a Odesa. An kama shi a shekarar 1937, lokacin da gwamnatin Stalin take kame jami'anta, aka kuma harbe shi. Daga nan mahaifiyarta ta koma birnin Leningrad da 'ya'yanta. A wancan zamani, wanda aka kashe mahaifinsa da irin wannan zargi yakan rayu ne da tabo a takardunsa, kuma wannan tabo ya bi Larisa har wurin aiki.

Ta shiga Jami'ar Leningrad a 1941, shekarar da Jamus ta mamaye Tarayyar Sobiyet. An kwashe iyalinsu zuwa garin Molotov, wanda yanzu ake kira Perm. Daga 1942 zuwa 1945 ta yi aikin soja na sa-kai a rundunar da ke kare sararin samaniyar Mosko daga jiragen yaƙi. Bayan yaƙi ta koma karatu, ta kammala a sashen nazarin ma'adinai a 1950. Sunan Popugayeva daga mijinta ta samo shi.

Neman lu'ulu'u a Yakutiya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet tana da matuƙar buƙatar lu'ulu'u, ba don ado ba, sai don masana'antu, inda ake amfani da shi wajen huda dutse da yanka ƙarfe. Ɗan abin da ake samu a tsaunukan Ural bai isa ba. Masanin duwatsu Vladimir Sobolev ya riga ya nuna cewa tsarin duwatsun Saiberiya ya yi kama da na Afirka ta Kudu, don haka aka tura ayarin masu bincike can. A 1949 ayarin Grigory Fainshtein ya tsinci lu'ulu'u a yashin kogin Vilyuy. Sai dai wannan ruwa ne ya kawo shi. Tambayar da ta rage ita ce daga ina ya fito.

Lu'ulu'u yana samuwa ne a can ƙarƙashin ƙasa, sai aman wuta na zamanin da ya turo shi sama cikin wani dutse da ake kira kimbalait, wanda ya samo sunansa daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu. Dutsen yakan daskare a tsaye kamar mazurari, shi ya sa ake kiran sa bututun kimbalait. Shekaru aka yi ana haƙa ramuka a bakin koguna ana tace tulin tsakuwa, ba a samu bututu ko ɗaya ba.

Gano Zarnitsa

Popugayeva tana aiki ne a wani ayarin bincike na Leningrad ƙarƙashin Natalya Sarsadskikh. A 1953 su biyun suka yi aiki a kogin Daldyn, kusa da da'irar Aktik. A cikin yashin da suka wanke an samu ɗan ƙaramin lu'ulu'u tare da jajayen ƙwayoyin wani dutse. Da suka koma Leningrad, masanin ma'adinai Aleksandr Kukharenko ya tabbatar cewa ƙwayoyin pirop ne, irin wanda ake samu tare da lu'ulu'u a kimbalait na Afirka ta Kudu.

Wannan ya canza salon binciken gaba ɗaya. Pirop ya fi lu'ulu'u yawa nesa ba kusa ba, kuma ana ganin sa da ido. Maimakon neman abin da ke da wuyar samu, sai a bi sawun abokin tafiyarsa, ana hawa kogi ana wanke yashi. Idan ƙwayoyin suna ƙara yawa da girma, kuma ruwa bai goge gefensu ba, to an kusa tushensu.

A 1954 Sarsadskikh ba ta samu zuwa ba saboda ta haihu. Popugayeva ta tafi tare da ma'aikaci guda, Fyodor Belikov. Sun yi makonni suna tafiya a ƙasa cikin daji da fadama, suna wanke yashi da hannu a ruwa mai sanyin ƙanƙara. A ranar 21 ga Agusta, 1954, suka iso kan bututun kimbalait. An raɗa masa suna Zarnitsa, kalmar Rashanci da ke nufin walƙiyar da ake hangowa daga nesa.

Rikici kan haƙƙin ganowa

Yankin yana ƙarƙashin babban ayarin Amakinskaya ne, mai hedikwata a garin Nyurba, wanda ya shafe shekaru yana kashe kuɗi masu yawa bai samu bututu ba. Shugabanninsa ba su so a ce mutum biyu daga Leningrad sun riga su ba. Aka tsayar da Popugayeva a Nyurba, aka matsa mata lamba har ta sa hannu kan takardar komawa aiki a ayarinsu, ta yadda nasarar ta shiga lissafin Amakinskaya. Wannan ya ɓata tsakaninta da Sarsadskikh da sauran abokan aikinta na Leningrad, waɗanda suka ɗauki abin a matsayin cin amana.

A 1957 aka ba masana shida Kyautar Lenin saboda gano lu'ulu'un Yakutiya. Babu sunanta ko na Sarsadskikh a ciki. Ita dai an ba ta lambar yabo ta Lenin, wadda daban take da kyautar.

Bunƙasar haƙar lu'ulu'u

Hanyar bin pirop ta yi saurin haifar da sakamako. A watan Yuni na 1955 ayarin Yuri Khabardin ya gano bututun Mir, sannan bayan kwana biyu ayarin Vladimir Shchukin ya gano Udachnaya, ba nisa da Zarnitsa. A 1960 aka gano Aikhal. An fara haƙa a Mir a 1957, kuma garin Mirny ya tashi a gefen ramin. Aikin yana da wuya, domin ƙasar a daskare take duk shekara, dole a gina gidaje a kan ginshiƙai don kada ɗuminsu ya narkar da ita su nutse. An gina madatsar ruwa a kogin Vilyuy don samar da lantarki. Kafin a daina haƙa ta sama a 2001, ramin Mir ya kai zurfin mita 525 da faɗin kusan mita 1,200. Kamfanin Alrosa, wanda aka kafa a 1992, shi ya gaji waɗannan ma'adanai, kuma Rasha ta zama cikin ƙasashen da suka fi fitar da lu'ulu'u a duniya.

Ƙarshen rayuwa da tunawa

Popugayeva ta koma Leningrad a 1956, ba ta kuma sake aikin neman lu'ulu'u ba. Daga 1959 ta yi aiki a wani ɗakin bincike na duwatsun ado, inda ta tattara bayanan wuraren da ake samun su a faɗin ƙasar. A 1970 aka ba ta takardar shaida da lambar wadda ta gano ma'adana, ta kuma samu digirin bincike a ilimin duwatsu. Sarsadskikh sai a 1990 ta samu irin wannan shaida.

Ta rasu ba zato a Leningrad sakamakon fashewar babbar jijiyar jini, tana da shekara 54. An sa sunanta a tituna a garuruwan Udachny da Aikhal, an kafa mutum-mutuminta a Udachny, an kuma raɗa wa wani lu'ulu'u da aka haƙo a Yakutiya sunanta.