Tarihin Likita Jackson, Wanda Ya Tsaya Ya Duba Mai Farfaɗiya

Cikin mutanen da suka yi wa duniya aiki ba tare da kwaramniya ba, akwai wani likita Bature na ƙasar Ingila, sunansa John Hughlings Jackson. Shi ba likitan fiɗa ba ne, amma shi ya nuna wa likitoci hanyar gane wane mai farfaɗiya ne fiɗa za ta yi wa amfani. Na zaɓi in ba da tarihinsa domin makamin da ya yi aiki da shi namu ne, mu da mu ke koyon malanta, watau lura.

An haife shi ran 4 ga Afrilu, 1835, a ƙauyen Green Hammerton cikin lardin Yorkshire. Ubansa manomi ne. Yana da shekara 15 aka ba da shi ga wani likita a birnin York ya koyi aiki, kamar yadda mu kan ba da yaro ga maƙeri. Ya sami takardar likita a 1856, ya koma Landan a 1859. A 1862 kuwa ya kama aiki a asibitin masu shanyewar jiki da masu farfaɗiya da ke Queen Square.

A zamanin nan likitoci da yawa suna zaton farfaɗiya daga gindin ƙwaƙwalwa ta ke tasowa, ta kama jiki gaba ɗaya. Jackson bai gamsu ba. Sai ya riƙa zama kusa da majiyyata, yana kallo, yana tambaya, yana rubutawa. Ya ga ashe akwai waɗanda ba sa faɗuwa farat ɗaya. Abin ya kan fara musu daga babban yatsan hannu, ko gefen baki, ko babban yatsan ƙafa, sa'an nan ya bi gaɓa gaɓa. Kullum kuwa daga wuri ɗaya ya ke farawa, ya bi hanya ɗaya. Matarsa Elizabeth ma irin wannan jijjiga ta same ta cikin ciwon ajalinta, ta rasu a 1876, ba su haihu ba.

Daga wannan lura ya fitar da magana. Ya bayyana cewa farfaɗiya wani tashin ƙarfi ne da ya wuce kima, wanda ke ɓarkewa farat ɗaya daga wani wuri a saman ƙwaƙwalwa. Ya kuma nuna cewa kowace gaɓa tana da wurinta a can, kamar yadda kowace unguwa ta ke da wurinta cikin birni. Ku ɗauka gobara ce. In wuta ta tashi a gida ɗaya ta bi darni ta cinye unguwa, wanda ya zo daga baya toka kaɗai zai gani. Wanda ya ga hayaƙin farko shi ya san gidan. Gwajin da Fritsch da Hitzig suka yi da karnuka a Jamus a 1870, da wanda David Ferrier ya yi da birai a Ingila daga 1873, sun tabbatar da zancensa.

To, in an san gidan, ba za a iya cire abin da ke ta da wutar ba? Ran 25 ga Mayu, 1886, a asibitin nan na Queen Square, wani matashin likitan fiɗa, Victor Horsley, ya buɗe kan wani saurayi mai shekara 22, Jackson yana tsaye a wurin. Keken doki ya taɓa take saurayin tun yana yaro, ya bar masa tabo a ƙwaƙwalwa. Aka yanke tabon, farfaɗiyar ta tsaya. Cikin watan Yuni aka kawo na biyu, wanda abin ke fara masa daga babban yatsa. Wannan yatsa kaɗai ya nuna inda za a buɗe. Da aka buɗe sai ga ƙari irin na tarin fuka, aka cire shi.

Jackson ya rasu a Landan ran 7 ga Oktoba, 1911, yana da shekara 76. Har yau likitoci suna kiran wannan irin farfaɗiya mai bin gaɓa da sunansa.

Yanzu akwai na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa da ta ɗaukar hotonta, akwai kuma magunguna masu kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya kusan miliyan 50, ta ce kuma wajen 70 cikin 100 za su daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Saura fa? Ƙa'idar likitoci ita ce, wanda ya sha magani iri biyu da suka dace, yadda aka umarta, abin bai tsaya ba, ya kamata a tura shi a bincika ko fiɗa za ta yiwu. A wani gwaji a Kanada da aka wallafa sakamakonsa a 2001, da majiyyata 80, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka tura fiɗa sun shekara ba farfaɗiya mai gusar da hankali, na masu magani kaɗai kuwa kashi 8. Ba kowa fiɗa ke yi wa amfani ba, sai wanda ciwonsa ke tasowa daga wuri ɗaya da za a iya cirewa ba a taɓa magana ko motsi ba. Tambayar Jackson ke nan har gobe: daga ina ya fara?

Ni ɗan Ƙofar Wambai ne a Bauchi, na kuwa san abin da mu kan yi in mutum ya faɗi. Wasu su gudu don tsoron yawunsa, wasu su ce iska ce, wasu su nemi cokali su tura masa a baki. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, cokali kuwa haƙori ya ke karyawa. Sa'ad da aka kai yaro gaban likita, ko da a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, abin ya riga ya wuce. Likita ba shi da shaida sai wanda ya tsaya ya gani.

Saboda haka, 'yan'uwa, in ɗan ajinku ya faɗi, ku kawar da benci, ku kwantar da shi ta gefe, ku dubi agogo. In jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. Bayan haka ku rubuta rana, da gaɓar da ta fara motsi, da gefen da kai ya juya, da abin da yaron ya ce ya ji kafin ya faɗi. Ku ba iyaye takardar su kai wa likita. Gani ya kori ji. Wataƙila wannan 'yar takarda ce za ta sa likita ya gane maganin bai ci ba, ya tura yaron inda za a bincika maganar fiɗa tun bai bar makaranta ba.