Mary Slessor da 'Yar Majami'ar Okoyong

Duk wanda ya zauna a Kalaba ya san titin Mary Slessor da mutum-mutumin nan na mace riƙe da tagwaye. To, amma da yawa daga cikinmu ba su san ko wace ce ba.

An haife ta a garin Aberdeen na ƙasar Sikotlan a 1848, a gidan talakawa. Tun tana 'yar shekara 11 take aiki a masaƙa a Dundee don ta taimaki mahaifiyarta. A 1876 ta iso Kalaba aikin mishan, ta koyi yaren Efik har ya zauna a bakinta.

A 1888 ta bar birni ta nausa ƙasar Okoyong, inda ko 'yan kasuwar Kalaba ke shakkar shiga, ta sauka a ƙauyen Ekenge. A lokacin, in mace ta haifi tagwaye sai a kashe jariran, a kori uwar. In ana zargin mutum da maita, a ba shi wani wake mai guba ya ci. In babban mutum ya mutu kuwa, akan kashe bayi su raka shi.

A ƙasar Okoyong ta kafa 'yar majami'arta, ba wani gini na a zo a gani ba. Ran Lahadi a yi ibada, sauran ranaku yara su koyi karatu, marasa lafiya kuma su zo gidanta karɓar magani. Tagwayen da aka yar ta kwaso su ta raina a ɗakinta, mutanen gari suna gani suna girma lafiya lau, ba wani bala'in da ya sauka. Wannan ya fi dogon wa'azi ratsa zukata. Ta kuma buɗe hanyar ciniki tsakanin Okoyong da Kalaba. Daga baya gwamnatin Turawa ta ɗora mata shari'ar yankin, domin mutane sun yarda da adalcinta.

Ta rasu ran 13 ga Janairu, 1915, a ƙauyen Use Ikot Oku, aka kawo gawarta ta ruwa aka binne a Kalaba.

'Yan'uwa, baƙuwa ce fa, amma ta ci abincin mutane, ta ji yarensu, ta ɗauki damuwarsu. Shi ya sa ɗan ɗakin ibadarta ya samu gindin zama. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.