Musa ɗan Maimun, malamin Yahudawa kuma likitan fadar Salahuddini

  

Ya ku ƴan'uwa, a kasuwanninmu idan mutum ya cika rowa sai a kira shi Bayahude, kuma mun sha ji a ƙofar masallaci ana cewa Yahudawa ba su san Allah ba, har ma wai jinin mutane suke sha. Galibin masu faɗar haka ba su taɓa haɗa ido da Bayahude ba. Alhali Suratul Ma'ida ta hane mu barin adalci saboda ƙin wasu mutane, Suratul Hujurati kuma ta umurce mu da bin diddigin labari. Baƙin cikinmu game da Falasɗinu bai halatta mana ƙarya ba. Don haka muka zaɓi tarihin babban malaminsu, wanda ya rayu ya mutu a ƙasashen Musulmi, domin a ji addinin nasu daga wanda ya san shi.

An haifi Musa ɗan Maimun a birnin Ƙurɗuba na Andalus wajen shekarar 1138. Mahaifinsa alƙali ne na jama'ar Yahudawa. A 1148 daular Muwahhiduna ta ci birnin, ta soke amanar da shari'a ta bai wa ma'abota Littafi, ta ce ko su musulunta ko su fita. Wannan zalunci ne, ba ma ɓoye shi don Musulmi ne suka aikata. Iyalin suka yi shekaru suna gararamba, suka zauna Fas ta Maroko, a 1165 suka shiga jirgin ruwa zuwa Akka, daga bisani suka yada zango a Fusɗaɗ, tsohon birnin Misira.

Ƙanensa Dawuda, ɗan kasuwar duwatsu masu daraja, shi ke ciyar da gidan. Ya nitse a tekun Indiya tare da dukiyarsa, Musa ya yi kusan shekara a kwance don baƙin ciki. Da ya tashi yana iya neman jama'arsa su ɗauke masa nauyi, amma fatawarsa ita ce bai halatta a ci abinci da karantar da Attaura ba. Sai ya kama aikin likita. Mai jifan kowane Bayahude da son kuɗi ya tsaya a nan ya yi tunani. A babin sadaka na littafinsa ya jera darajoji takwas, mafificiyarsu ita ce ka ba mabuƙaci jari ko sana'a har ya daina roƙo.

A 1168 ya kammala sharhi da Larabci a kan Mishna, littafin fiƙihunsu, inda ya tsara ginshiƙan imani 13. Daga cikinsu: Allah ɗaya ne, ba shi da jiki, babu abin da ya riga shi, shi kaɗai ake bauta wa, ya san ayyukan bayi, akwai sakamako, akwai tashin matattu. Wani zai tambaye mu ayar Uzairu ta Suratut Tauba. Imam Ƙurɗubi, ɗan garinsu wanda shi ma ya ƙare rayuwarsa a Misira, ya bayyana a tafsirinsa cewa lafazin na gama-gari ne amma wasu daga cikinsu ake nufi, ba dukkansu suka faɗa ba. Inda muka rabu da shi a fili yake: ya ƙudurta cewa ba za a shafe shari'ar Annabi Musa (AS) ba, bai yi imani da Annabinmu (SAW) ba, kuma a wasiƙarsa ga Yahudawan Yaman ya yi maganganun da ba za mu yarda da su ba. Duk da haka, da aka tambaye shi ko Musulmi masu bautar gumaka ne, ya amsa cewa tauhidinsu tsarkakakke ne. Bai yi mana ƙage ba inda ya sami dama.

Batun jini kuwa, babban littafinsa Mishne Tora, mai juzu'i 14 da harshen Ibrananci, ya isa amsa. Jini haramun ne a shari'arsu, har sai an yanka dabba an barbaɗe naman da gishiri ya tsotse jinin kafin a dafa. Alade haramun ne, mushe haramun ne, suna kaciya. Ƙagen kashe yara ya tsiro ne a garin Norwich na Ingila a 1144, yana ɗan yaro, aka hallaka bayin Allah da yawa a Turai saboda shi. Da ya ɓulla a Dimashƙa a 1840, Sarkin Musulmi na Usmaniyya Abdulmajid ya fitar da takardar doka yana ƙaryata shi. Abin kunya ne mu tsinci abin da sarakunanmu suka zubar.

Sunansa ya kai fada. Alƙali Fadil, wazirin Salahuddini Ayyubi, ya ɗauke shi likita ya yanka masa albashi, daga baya ya yi wa Afdal ɗan Salahuddini magani. Ya rubuta littattafan likitanci kusan goma, duka da Larabci, har da na ciwon fuka da na dafi. Yakan tafi Alƙahira da sassafe, ya dawo da rana ya tarar da zaure cike da marasa lafiya, Musulmi da Yahudawa, ya duba su har dare.

Shi ma ƙarar da za ta iya cin ransa ta same shi. Ibnul Ƙifɗi ya ruwaito a tarihin masana cewa wani malami ya zo daga Andalus ya zarge shi da cewa ya musulunta can sannan ya yi ridda. Alƙali Fadil ya yanke cewa musuluncin da aka tilasta wa mutum bai inganta ba a shari'a, don haka babu ridda. Wannan waziri ba mai sassauci ba ne ga maƙiyan Musulunci, domin da alƙalaminsa aka tafiyar da daular da ta ƙwato Ƙudus a 1187. Ya dai bambance tsakanin mayaƙi da wanda ke zaune cikin amana.

Wajen 1190 ya rubuta Dalalatul Ha'irin, inda ya ambaci Farabi da wasu masananmu, ya dage wajen kore kamanta Allah da halitta. Wani malami Musulmi, Muhammadu Tabrizi, ya yi wa wani sashe nasa sharhi. Ya rasu a Fusɗaɗ cikin watan Disamba na 1204, aka ɗauki gawarsa zuwa Ɗabariyya, inda kabarinsa yake.