John Newton, Mai-Fataucin Bayi Wanda Ya Sami Gafara

Mu da mu ke zaune a bakin Kwara, daga Shanga zuwa Yelwa har Ngaski, mun san tsoron hadari a kan ruwa. Wanda iska ta taɓa rutsa shi cikin kwalekwale a tsakiyar tafkin Kainji, ba sai an koya masa addu'a ba. Mun san labarin bauta kuma, gama tsofaffinmu ba su manta da zamanin da mahayan Kontagora su ke faɗa wa ƙauyukan Kambari suna kwashe mata da yara ba. Mutumin da za mu ba da labarinsa a wannan wata, hadarin ruwa da cinikin bayi duka suna cikin tarihinsa.

An haifi John Newton a birnin Landan, ƙasar Ingila, a shekara ta 1725. Uwarsa mai-ibada ce, ta koya masa Maganar Allah, amma ta rasu tun bai cika shekara 7 ba. Yana da shekara 11 ubansa ya ɗauke shi aikin jirgin ruwa. Can ya watsar da koyarwar uwarsa, ya zama mai-saɓo, har ya riƙa yi wa masu-bi ba'a domin su bar bangaskiyarsu. Aka sa shi aikin sojan ruwa tilas, ya gudu, aka kamo shi aka yi masa bulala a gaban jama'a. Daga baya ya zama bara ga wani mai-fataucin bayi a wani tsibiri kusa da Saliyo, inda ya sha yunwa da ciwo da wulakanci.

A watan Maris 1748 yana komawa gida cikin wani jirgi, sai babban hadari ya same su a teku. Jirgin ya fashe a gefe, ruwa yana shiga, igiyar ruwa ta tafi da mutum guda. Newton yana ta kwarfar ruwa, ya ji bakinsa ya roƙi jinƙan Ubangiji, bakin nan da ya saba da saɓo. Sai ya tambayi kansa ko akwai sauran jinƙai domin irinsa. Bayan wajen mako 4 suka kai gaɓar Ailan da rai.

A nan ba za mu ɓoye gaskiya ba. Newton ya soma addu'a da karatun Littafi Mai-Tsarki, amma bai bar cinikin mutane ba. Daga 1750 zuwa 1754 ya yi tafiya 3 yana shugaban jirgin bayi. Yana addu'a a sama, 'yan Afirka suna ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafafunsa, waɗansu suna mutuwa a hanya. Ciwo ne ya raba shi da teku. Shi da kansa ya shaida daga baya, a kwanakin nan bai zama mai-bi na sosai ba tukuna.

Amma Allah bai sake shi ba. A 1764 aka naɗa shi mai-hidimar ekklesiya a garin Olney. Can ya rubuta waƙoƙin yabo fiye da 200, cikinsu har da wadda a ke kira Amazing Grace, a kan alherin da ya cece shi. A 1780 ya koma Landan. Sa'anda William Wilberforce, saurayi ɗan majalisa, ya zo neman shawararsa, ya ƙarfafa shi ya zauna cikin majalisa ya bauta wa Allah a can. A 1788 Newton ya buga ɗan littafi, ya tona muguntar da idonsa ya gani da wadda hannunsa ya aikata, ya furta kunyarsa a gaban dukan ƙasar. Majalisar Ingila ta hana fataucin bayi a watan Maris 1807. A watan Disamba na shekaran nan ya rasu, yana da shekara 82, idanunsa sun kusa rufewa.

Ya 'yan'uwa, labarin nan yana da wuya a gare mu, gama irin kakanninmu ne ya sayar. Gafarar da ya samu ba ta komo da ko ɗaya daga cikinsu gida ba. Duk da haka jinin Yesu Kristi ya isa ya wanke har wannan. Watakila akwai wani a cikinmu da ya daina zuwa sujada domin abin da ya yi a ɓoye, yana cewa nasa ya wuce gafara. Bari ya dubi Newton. Watakila kuma akwai wanda ya ce ya tuba, amma har yanzu yana riƙe da hakkin wani. Shi ma bari ya dubi Newton, kada ya jira shekara 40 kafin ya furta. Mu karanta 1 Timoti 1:12-17 a gidajenmu, mu durƙusa.