Jan Ingenhousz: Likitan da ya gano alaƙar hasken rana da ganyen tsirrai

Manomin dabino a Madina da manomin gero a Maraɗi sun san cewa shuka ba ta yin albarka a inuwa mai duhu. Amma mutumin da ya fara tabbatar da dalilin hakan ta hanyar gwaji ba manomi ba ne. Likita ne ɗan ƙasar Holan mai suna Jan Ingenhousz.

An haife shi a garin Breda ranar 8 ga Disamban 1730. Ya yi karatun likitanci a Jami'ar Leuven, ya kammala a 1753, sannan ya ƙaro ilimi a Leiden. Bayan rasuwar mahaifinsa ya koma Landan, inda ya ƙware wajen yi wa mutane lambar rigakafin cutar agana.

Daga fada zuwa lambu

A lokacin agana na yi wa gidan sarautar Austriya ɓarna. Sarauniya Maria Theresa da kanta ta kamu da ita a 1767, kuma ta rasa 'yarta a wannan shekarar. A 1768 aka tura Ingenhousz birnin Vienna, ya yi wa yaran gidan lamba, suka tashi lafiya. Sarauniyar ta naɗa shi likitan fada, ta yanka masa albashi na tsawon rayuwa. Wannan rufin asiri ne ya ba shi sukunin yin bincike.

Tun a 1771 masanin Ingila Joseph Priestley ya nuna cewa tsiro na gyara iskar da kyandir ya gurɓata a cikin rufaffen gilashi. Sai dai gwajin wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙi, kuma ba a san dalili ba.

A tsakiyar 1779 Ingenhousz ya keɓe kansa a wani gida kusa da Landan, ya yi gwaji kusan 500. Yakan nutsar da ganye a ruwa cikin gilashi. Idan rana ta haska, sai ƙananan kumfa su riƙa fitowa daga ganyen. Idan ya kai shi duhu, sai su tsaya. Iskar da ke cikin kumfar ita ce oksijin. Ya kuma gano cewa korayen sassan tsiro kaɗai ke wannan aiki, cewa haske ne ke tafiyar da shi ba zafi ba, kuma a duhu tsirrai na ɓata iska kamar yadda dabbobi ke yi. Ya wallafa sakamakon a wannan shekarar, abin da ya jawo masa doguwar taƙaddama da Priestley kan wanda ya riga.

Abin da ya bari

Ingenhousz ya rasu ranar 7 ga Satumban 1799 a gidan Bowood da ke Ingila, amma aikinsa ya haifar da sabuwar tambaya: wane ɓangare na hasken tsiro ke amfani da shi? A 1882 Bajamushe Theodor Engelmann ya nuna cewa jan haske da shuɗi sun fi tasiri. A yau masana na ƙiyasta cewa hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 ne ganye ke iya sarrafawa, wato ƙasa da rabin makamashin ranar da ke isowa doron ƙasa. Daga ciki ma ɗan kaɗan ne ke zama hatsi ko 'ya'yan itace.

Da wannan lissafi ake ƙiyasta amfanin gona, ake tsara tazarar shuka, ake kuma auna yawan inuwar da kayan lambu za su jure a ƙarƙashin bishiyoyin dabino. A wuri mai tsananin rana irin Madina ba haske ke ƙaranci ba. Ruwa da zafi ne ke iyakance abin da ganye zai iya yi da shi.