Ratu George Cakobau: kyaftin ɗin zari-ruga da ya zama Gwamna Janar na Fiji

Fiji tarin tsibirai ce a tekun Fasifik, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, wato ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar Jihar Bauchi ba. Duk da haka, a fagen ƙwallon zari-ruga manyan ƙasashe na shakkarta, kuma wannan suna ya samo asali ne tun 1939, a hannun wani ɗan sarauta, Ratu George Cakobau.

An haife shi a 1912 a gidan sarautar tsibirin Bau. Kakan mahaifinsa ne Seru Cakobau, sarkin da ya miƙa Fiji ga Ingila a 1874. Ya yi karatu a makarantar Sarauniya Victoria, wadda Turawa suka kafa domin horar da 'ya'yan sarakuna, kwatankwacin Kwalejin Katsina da ta yaye su Abubakar Tafawa Balewa.

A 1939 ya jagoranci 'yan wasan Fiji zuwa New Zealand, ƙasar da zari-ruga ya zame mata abin alfahari. Masu masauki sun saba buɗe wasa da rawar yaƙinsu ta haka. Cakobau ya ga bai kamata mutanensa su tsaya shiru ana yi musu kirari a fuska ba, sai ya ɗauko musu cibi, rawar mayaƙan Bau, wadda har gobe da ita Fiji ke shiga fili. Wasa takwas suka buga, suka ci bakwai, suka yi kunnen doki a ɗaya, har da doke tawagar Maori da ci 14 da 4.

Bayan 'yancin kai a 1970, ya zama Gwamna Janar a 1973, ɗan ƙasa na farko a wannan kujera. Jarrabawarsa ta zo a 1977. Jam'iyyar NFP, wadda 'yan asalin Indiya suka fi rinjaye a cikinta, ta sami kujeru 26 cikin 52, ta kayar da jam'iyyar Firaminista Kamisese Mara. Sai dai jiga-jiganta suka shafe kwanaki suna saɓani kan jagoransu Siddiq Koya, lauya Musulmi. Cakobau bai jira ba, ya sake naɗa Mara, wanda ya lashe sabon zaɓe a watan Satumba. Magoya bayansa sun ce ya toshe giɓin mulki ne. Masu suka kuwa sun ga basarake ne ya tsare wa ɗan'uwansa basarake kujera, kuma zargin nasu yana da nauyi, domin ba a bar majalisa ta gwada ƙarfin Koya ba tukuna.

Ya sauka a 1983, ya rasu a 1989. Sarautarsa ta Vunivalu ta Bau ta zauna babu kowa a kai fiye da shekara talatin, sai a 2023 aka naɗa ɗansa Epenisa.