Arthur Eddington da Kibiyar Lokaci (1882–1944)

An haifi Arthur Eddington a garin Kendal na ƙasar Ingila ran 28 ga Disamba, 1882, a gidan masu bi na ɗarikar Abokai, waɗanda aka fi sani da Kweka. Bai cika shekara biyu ba zazzaɓin taifot ya ɗauke mahaifinsa, mahaifiyarsa ce ta rene shi da yayarsa cikin ƙaramin ƙarfi. Yaron ya tashi da son lissafi da kallon taurari, har a 1913 ya zama farfesan ilimin taurari a Jami'ar Kambirij.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi tsanani aka nemi a sa shi soja. Ya ƙi ɗaukar makami saboda bangaskiyarsa, ya kuma faɗi haka a fili gaban kwamitin da ya tuhume shi a 1918, a zamanin da ake kulle masu irin wannan ra'ayi. Aka ɗaga masa ƙafa domin wani aiki: auna husufin rana a tsibirin Principe, kudu da gaɓar tekun Nijeriya. Ran 29 ga Mayu, 1919, gari ya waye da ruwa, hadari bai washe ba sai dab da ƙarewar husufin. 'Yan hotunan da suka fito sun nuna hasken taurari yana lanƙwasa idan ya gifta kusa da rana, yadda Einstein ya lissafa. Ga Bature ɗan Ingila yana gaskata masanin Jamus, alhali jinin yaƙi bai gama bushewa ba.

A 1927 ne ya raɗa wa wata tsohuwar matsala suna, wato kibiyar lokaci. A ɗauki bidiyon tulu yana faɗuwa a Kasuwar Wuse, a juya shi da baya. Ko yaro zai gane an yi dabara, domin tsingaro ba ya haɗa kansa. Amma a ɗauki karon ƙwayoyin zarra biyu, a juya, ba mai iya bambancewa. Eddington ya koyar cewa kibiyar ba ta cikin ƙwaya guda, tana bayyana ne a taron ƙwayoyi, inda tsari yake ta komawa hargitsi.

Ya rasu a Kambirij ran 22 ga Nuwamba, 1944, bai taɓa aure ba. Shekara ashirin bayan haka, James Cronin da Val Fitch suka gano a Amurka cewa ƙwayar da ake kira kaon tana da ɗan karkata, alamar tana bambanta gaba da baya. A 1998 cibiyar CERN ta auna wannan kai tsaye, bambancin kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ashe a nan hasashen ya rage saura. Sai dai karkatar kaon ba ita ke hana tulu haɗuwa ba. A kan tulu, bayanin Eddington ne masana suke koyarwa har yau.